Shekarar da Na Ajiye Alli

Shekara ashirin da ɗaya na yi ina koyarwa a wata lakwal ta firamare a Tasawa kafin na kai takardar neman disponibilite. Ga wanda bai san aikin gwamnati ba, abin da ake nufi shi ne hutun shekara guda ba albashi. Ka je ka yi abin da ya dame ka, in ka gama ka dawo, muddin ka rubuto da wuri cewa kana dawowa. In ka yi sakaci lokaci ya wuce, ajinka ya zama na wani, kai kuma sai yadda Allah ya yi da kai. Darektanmu ya karanta takardar sau biyu, ya cire tabarau, ya tambaye ni ko wani ciwo nake ɓoyewa. Na ce lafiyata lau. Ya ce ko sarin atamfa zan fara zuwa Kano. Na ce littafi zan rubuta.

"Littahi?" in ji shi. "Madam, ai wanga ranar Lahadi ake yin shi."

Na ce masa shekara ashirin nake jiran Lahadin, ba ta zo ba. Ya sa hannu yana girgiza kai.

Maigidana ɗan kasuwa ne, wake da gyaɗa yake saye da sayarwa, kuma mutum ne mai son tsiya. Da na faɗa masa sai ya ce, "Shekara guda dai ko? Tukunya ba ta kihewa cikin shekara guda. Amma in anka tambaye ni a masallaci, mi zan ce?"

"Ka ce ta haukace."

"Wannan sun riga sun hwaɗa. Sabo nake nema."

Littafin a kan uwata ne. Ni ce ɗiyar fari, kuma a garinmu, wani ƙauye da ke gabas da Urafane, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta ma nuna ta san da shi. Kunya ake ce da abin, da ita ake auna tarbiyyar mace. Ranar da aka yaye ni aka kai ni wurin yayar uwata, wadda Allah bai ba haihuwa ba, gida uku tsakani. Ita nake kira Inna. Wadda ta haife ni kuwa Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa, ita kuma in ta kama dole ta ambace ni sai ta ce "waccan". Duk ƴan farin garin haka aka yi musu, kuma ban ga wanda abin ya hana ƙiba ba. Ni ce dai mai riƙo, na sani, tun ina yarinya aka sha faɗa mini.

Abin da na riƙe kuwa safiya ɗaya ce. Ina da shekara goma sha uku na ci jarrabawa zan tafi kwaleji Tasawa. Ƙarshen damina ne, an yi yayyafi da asuba. Amalanken jaki na jirana ya kai ni inda zan hau motar kasuwa. Inna tana ta kuka tana ɗaure mini ƙunshin ƙuli-ƙuli, matan unguwa sun fito, kowa da addu'arta. Sabon takalmina yana cikin leda a hannuna don kada ya ɓaci kafin in isa birni. Na je gidan Yaya in yi sallama. Tana zaune tana tankaɗe. Na durƙusa na ce zan tafi. Ba ta ɗaga kai ba, ta ce, "Allah shi kiyaye hanya," daidai yadda take ce wa mai tallar goro. Na fito na tsaya a ƙofar gidan, ina jiran ko za ta ƙara wani abu. Ƙarar rariya kawai nake ji. Ta rasu a shekarata ta farko ta koyarwa, ciwon kwana huɗu, kafin in iso an kai ta. Ban taɓa tambayar ta komai ba.

Wata biyun farko na hutun na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Na share ɗakin da muke ajiye buhuna, na sa tebur kusa da taga, na sayi kaye goma, littattafan rubutu masu jan bango, da bik na rubutu kwali guda, sai ka ce mai shirin buɗe shago. Ƙarfe takwas in aka buga ƙarfen lakwal, wanda ake ji har tsakar gidanmu, sai in kurɓi shayina in ce su je can su ji da shi. Daga wata na uku, da an buga ƙarfen sai in ajiye bik. Ina zaune ina lissafa abin da ake yi a ajina: yanzu an gama kiran suna, yanzu an shiga lissafi, yanzu yarinyar da aka turo madadina tana ta ihu ba mai jin ta. Daga baya na ji cewa ba ihu take yi ba, yara son ta suke, iyaye ma suna yabon ta. Wannan labarin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Unguwa kuma ta gano akwai mai ilimin da ba ta da aikin yi. Mai takardar likita ta kawo in karanta mata, mai neman takardar haihuwa ta zo in raka ta, suna da biki kuwa ba ni da sauran uzuri. In na ce aiki nake, sai a leƙa ɗakin a ce, "To ai zaune kike, Madam." Wata tsohuwa ta kawo mini rubutu a kwalba ba tare da na roƙa ba, ta ce in sha safe da yamma, an taɓa yi wa ɗiyarta irin wannan jifan aka raba ta da aikinta. Na karɓa na gode, don na gaji da bayani.

Ba wai ban rubuta komai ba. Na yi kusan shafi sittin. Rijiyar garinmu ta fito tas, da shekarar da fara ta cinye gero, da babana da rediyonsa mai ɗaurin roba. Amma da Yaya ta shigo shafi sai komai ya daskare. Babin tafiyata kwaleji sau tara na rubuta shi. In na rubuta abin da na gani, sai ta fito muguwar mace, alhali duk garin sun shaida ba muguwa ba ce. In na tausaya mata na sa ta kuka a bayan ƙyaure, sai in ji warin ƙaryar tun kafin tawada ta bushe. Shekara ashirin ina kama yaran da suka kwafi aikin wani, ba ni za a ruɗa ba, ko da ni ce mai ruɗin.

Tsorona ɗaya ne, kuma sai a ɗakin buhunan nan na yarda na kalle shi. Kada a ce ba kunya ba ce. Kada a ce dama ba ta so na, al'ada kawai ta samu ta fake a bayanta. In haka ne, na ajiye aikina na jawo wa gidana surutu don in tono abin da zai hana ni barci har in mutu. In kuwa ban gano komai ba, shekarar ta tafi a banza, in koma aji da kaye tara da ba a buɗe ba, darekta ya cire tabarau ya dube ni.

Mutum ɗaya ya rage wanda ya sani, Inna. Ta haura tamanin, doguwa ce har yanzu, haƙora sun ƙare amma bakin bai ƙare ba. Matar ƙaninmu ce ke kula da ita. Na je mata a lokacin sanyi da sukari da sabulu da goro, da tambayoyi talatin da biyu a kaye, kowace da lambarta. Na jawo kujera na zauna muna fuskantar juna, na kunna salula don ta ɗauki murya, na ajiye ta a tsakaninmu.

Inna ta dubi salular, ta dubi kayen, ta ce, "Ke, jandarmomi sunka aiko ki?"

"Inna, labarin Yaya nake so ki ba ni."

"Mutuniyar kirki ce. Allah shi jiƙanta."

"Amin. Yaya halinta yake da kuna yara?"

"Na kirki."

"Ta taɓa yi maki maganata?"

"Maganar mi? Sata kinka yi?"

Haka muka yi har tambaya ta talatin da biyu. Na dawo Tasawa da minti arba'in na "Allah shi jiƙanta" da carar zakaran maƙwabta. A mota haushi ya cika ni har na yi faɗa da kwandasta a kan buhun da ya aza mini a ƙafa, abin da bai kai a yi magana ba.

Na koma a bazara, bayan an aiko cewa zafi ya kayar da ita. Ta tashi, amma ba duka ta tashi ba. Ta gane ni, ta yi mini tsiyar ƙiba, can kuma ta tambaye ni ko na shayar da awakin da aka sayar tun ina kwaleji. Na fito da kayen, na mayar da shi jaka. A ranar na fara jin tsoro na biyu, cewa abin da nake nema yana cikin kan tsohuwar nan yana zuba kaɗan-kaɗan, ni kuma ban san ta inda ake tara hannu ba.

Ana gab da saukar damina sakataren biro, wato ofishin masu duba makarantu, ya kira ni a salula. "Madam, dosiyenki, takardunki duka, na nan bisa teburina. Saura sati biyu. Ko ki rubuto kina dawowa, ko ki nemi ƙarin shekara, ko mu rubuta kin bar aiki da kanki." Na ce na ji. Ya ce, "Littahin ya hito?" Na ce rezo ba kyau, layin waya na yankewa, na kashe.

Ƙarin shekara ba abin da zan iya roƙon maigidana ba ne. Kasuwar wake ba ta yi kyau ba a shekarar, kuma ya daina yi mini tsiya. In ya shigo ya gan ni a tebur sai ya ce sannu da aiki ya wuce, cikin ladabi, kamar baƙuwa. Da yana tsokanata na fi samun kwanciyar hankali. Komawa kuma hannu rabbana, ina tuna shi sai in ji zuciyata na bugawa har a wuya. Na je aka auna ni, likita ya ce jinina ya hau, in rage tunani. Na ce masa to, ya rubuta mini inda ake sayar da ragin.

Na ce wa maigida zan je gida sau ɗaya tak, in ban samo komai ba in dawo in kai takarda in rufe bakina. Ya ce Allah shi taimaka, ya kai ni tasha a babur ɗinsa.

Na kwana a Urafane wurin wata ƴar uwa, ruwa kuwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ruwan shuka na farko. Da safe na samu ɗan kabu-kabu da kyar, don kowa ya yi gona. Wanda ya san ƙauye ya san ranar shuka. Ba a barin kowa a gari sai tsofaffi da kaji. Na tarar da Inna ita kaɗai a gindin bishiyar bedi, matar ƙaninmu ta dama mata fura tun asuba ta bi mijinta da ƙwaryar iri.

"Kin zo da takardunki?" in ji Inna.

"Suna jaka."

"To bar su can. Hura ta ishe ni, kwana ukku ita nake sha. Tuwo nake so."

Na duba, akwai surfaffen gero a kwano, an wanke an shanya, amma babu gari. Na ɗauka zan kai inji. Inna ta yi dariya ta ce mai inji yana gonarsa, ko ni na shuka masa? Ta nuna mini gindin rumbu da sandarta. Dutsen niƙa ne a kife, ƙasa ta ci rabinsa, an mayar da shi wurin aza buta. Na san shi. Shi Inna da Yaya suke niƙa a kai kafin inji ya zo garin, yau a gidan wannan, gobe a gidan waccan. Na ciro shi da kyar, na wanke, na lalubo ɗan dutsen a bayan randa. A raina ina ta ƙunƙuni: saura kwana goma sha ɗaya aikina ya salwanta, ni kuma ga ni durƙushe zan yi niƙa.

Rabona da niƙa tun ina ƴar shekara goma sha biyu. Na zuba gero da yawa, ya watse ta ko'ina, kaji suka taso.

"Hannun alli," in ji Inna. "Guga kike ko niƙa? Rage tsabar. Ba da hannu ake turawa ba, da baya ne. Saki jikinki shi bi dutsen."

Na rage, na tura, na jawo. Ta ce ina gaggawa sai ka ce mai bin mota. Ta fara buga sandarta a ƙasa, ɗaya in tura, ɗaya in jawo. Tun ina kuskurewa har na kama. Gwiwoyina suka nutse a danshin ƙasa, gumi ya fara bin bayana, gari ya fara zuba a faifai fari sol. Ban san lokacin da sandar ta yi shiru ba. Na dai ji Inna tana gunji a maƙogwaro daidai da tafiyar dutsen, sannan gunjin ya zama magana.

*Dutse ci gero ka riƙe bakinka,*
*Ni ma na ci nawa na riƙe.*
*Motar Tasawa tahi sannu-sannu,*
*Kayan cikinki ba naki ba ne.*

Na saki dutsen na rarumo jakata. Inna ta yi tsit.

"Mi kinka tsaya yi?"

"Inna, sake hwaɗi in ɗauka."

"In sake mi? Ni ban ce komi ba."

"Waƙar da kinka yi yanzu."

"Waƙar niƙa ba ta da ƙahwa, dutse ke goyon ta. In ya tsaya ta tsaya."

Na kunna salular na ajiye a gefen faifai, na kama dutsen. Ta miƙo sanda ta ture ta. "Ɗauke abin ga. Mai ita ba don rediyo ta yi ta ba."

Na mayar da salular cikin jaka. Wata takwas ina neman wannan, ga shi ya zo, an ce ba dama in kama shi da komai sai kunne, ni da ko lambar wayar maigidana ban haddace ba. Na durƙusa na ci gaba. Na yi ta niƙa har na fid da rai na ce na kore ta ke nan. Sai da dutsen ya koma kan tafiyarsa ta ɗauko daga inda ta tsaya.

*Na ga sawu a ƙohwar gidana,*
*Na kihe ƙwarya kar iska ta sha.*

Akwai wasu baitoci bayan waɗannan, da yawa, wasu a kan rijiya, wasu a kan wani tsuntsu. Sun tafi, ban riƙe su ba. Ban ɗaga kai ba, ban tsaya ba, na yi tambayar ina kallon gero.

"Waƙar wa ce, Inna?"

"Ta mai dutsen."

"Sawun wa?"

"Wa ya tsaya mata a ƙohwa ba takalmi, awa an dasa shi?"

Sai a lokacin na gane wautar da na tafka. A garin nan aka haife ni, na san matanmu ba su faɗin abin da ke ransu a zaune ido cikin ido. Sai baya ya sunkuya, hannu na aiki, akwai ƙarar da za ta rufe rabin maganar, yadda in an tambaye ki gobe za ki ce ke waƙa kike. Na san wannan tun kafin in san harafi. Amma na zo wa tsohuwa da kujera da lambobi, na zauna mata a gaba irin zaman mai duba malamai.

Ina niƙa Inna na magana, kanta a juye wajen rumbu. Ta ce da amalanke ya ɓace, matan unguwa suka watse, sai Yaya ta fito da ƙwaryar da take tankaɗe a ciki. Ta duba gabas ta duba yamma, ta kife ta a kan sawuna, ta aza dutse a bisa. Inna na kallon ta ta ramin darni.

"Kullum da sahe sai ta ɗaga ta leƙa, in tana zaton ba mai ganin ta. In tana shara ta kewaye wurin. Babanki ya yi tuntuɓe da ita za shi masallaci, ya yi ta hwaɗa, ta ce mashi kaza ce ke son yin ƙwai nan. Kaza a ƙohwar gida! Shi ko ya yarda, Allah shi jiƙan shi, bai cika tambaya ba."

"Har yaushe?"

"Har anka ɗaure gero. Jakin maƙwabta ya kwance ya taka ta, ƙwarya ta hwashe, ya tattake wurin. Ranar ba ta ci tuwo ba. Ta ce haƙori ke mata ciwo."

Ban iya ganin dutsen ba kuma, amma ban sake shi ba don kada ta yi shiru. Hawaye na ɗiga a faifai.

"Ke, kada ki sa mani gishiri a gari," in ji Inna. "Likita ya hana ni."

Na yi dariya cikin kuka, daga nan kuma sai fushi ya taso mini, irin wanda ban taɓa yi wa mamaci ba. Na saki dutsen na zauna a ƙasa. Na ce shekara talatin da ɗaya! Ƙwarya ta sani, jaki ya sani, ni ce kaɗai ban sani ba. Me zai ci ta in ta ɗaga kai ta dube ni sau ɗaya? Wace irin kunya ce za ta sa mace ta gadi sawun ɗiyarta wata guda, ta bar ɗiyar ta tafi tana zaton ba a son ta? Na faɗi maganganu da yawa, da ƙarfi, Allah ya sa garin ba kowa.

Inna ta bar ni har na gama. Sannan ta juyo ta dube ni sosai, idonta tar, ba alamar mantuwa.

"Laihi tudu ne," ta ce. "Taki ɗiyar hwa? Yaushe rabon da ki kira sunanta?"

Mai karatu, ka ga tsawon abin da na rubuta kafin nan, kuma ban ambace ta ba. Ina da ɗiyar fari. A lokacin shekararta ashirin da biyu, tana jami'a a Maraɗi. Da na yaye ta na kai ta Mayahi wurin uwar maigidana, na ce saboda aiki ne, aji ba ya barin mutum ya yi reno. Ƙannenta uku kuwa duk a gabana suka tashi, aikin bai hana ba. Tanti take ce mini, kamar wata gwaggonta. Ni kuma "ke" nake ce mata, in ina maganarta da babanta in ce "ta Mayahi", haka ma na rubuta ta a salulata. Ni mai ilimi, mai yi wa iyayen yara huɗuba a taron lakwal cewa su ja ƴaƴansu a jiki. Shekara ashirin da ɗaya kullum safe ina kiran sunayen ƴaƴan mutane ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, har da sunan uba. Nata ban san ranar da ya fita daga bakina ba. Na tashi na hura wuta na tuƙa mata tuwonta, ta ci ta ce garin ya yi tsaki.

Baiti shidan da na riƙe na rubuta su a kaye kafin in wanke hannu, tafina duk ya yi kanta ya fashe, bik ɗin na zamewa. Washegari na sake kafa dutsen na yi ta niƙa har hantsi, Inna ba ta yi waƙa ba. Da na tambaye ta sai ta ce wace waƙa, kuma ban san ko mantuwa ce ko ta ga abin da ta ba ni ya isa ba. Ba ta sake yi ba har Allah ya karɓi abinsa. Takardar komawa aiki na kai ta ana saura kwana uku. Shafi sittin ɗin nan na ɗaure su na sa a ƙasan akwati, na buɗe sabon kaye, kuma yanzu bayan sallar asuba nake rubutu kafin a buga ƙarfe. Littafin bai ƙare ba, kuma har yau ina fargabar ko zai ƙare.

Amma a ranar niƙan, da la'asar, kafin masu shuka su dawo, na ɗauki salula na hau tudun da ke bayan gari, inda nan kaɗai ake samun rezo. Na daɗe a tsaye ina kallon gonaki, mutane jere-jere, mai sungumi a gaba, mai iri a baya. Sau biyu ina danna lambar ta Mayahi ina kashewa kafin ta shiga. A na uku na bari.

"Alo, Tanti? Ina wuni."

Abin da na saba cewa shi ne, ke, ya karatu. Na buɗe baki zan kira sunanta, kunya ta rufe ni a kan tudun da ba kowa sai ni. Na rufe ido na faɗe shi. Ya fito a shaƙe, kamar ba ni na zaɓa mata shi ba.

Ina jin hayaniyar ɗalibai a bayanta.

"Tanti, wa ya rasu?"

"Ba kowa."

"Inna ce?"

"Inna na nan, yanzu ta gama cin tuwo."

"To ke ce ba lahiya? Don Allah in wani abu likita ya ce ki hwaɗa mani, kada ki ɓoye."

"Lahiyata lau. Kiran ki kawai na yi."

Na ji ta matsa inda ba mutane, na ji an rufe ƙofa.

"Rezo ya ɗan katse ɗazu," in ji ta, a hankali. "Ban ji farkon da kyau ba. Sake hwaɗi."

Rezo bai katse ba, sandunansa a cike suke, na duba. Na gyara tsayuwa na sake faɗa.